Takalman Ƙofar Gida

Jiya ina kwashe takardu na ci karo da tambayoyin binciken da na kai Madarumfa, lokacin ina karatun siyasa a jami'a. Sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Kwana uku ina tambayar wa ke da faɗa a ji a garin, kowa ya ce "maigari" ya sallame ni. Na komo jiki a sanyaye, na iske Kawu bakin tabki yana gyaran taru, hannunsa duk ƙarnin kifi.

Ya ce, "Ɗiyata, ba a tambaya. Gobe ki zaga, ki duba ƙofar da takalma suka fi yawa."

Ƙofar wata tsohuwar ungozoma ce. A kanta na rubuta kundina.

Ranar rasuwar Kawu takalma sun kai bakin hanya. Allah ya haskaka kabarinka, Kawu.