Layar da Na Kwance a Chalawa

Ina tsaye a bakin ƙofa injin kankare fata ya ci hannun wani mutumin Damagaram. Ban ji ihunsa ba, ƙarar injin ta danne shi. Abin da na gani shi ne helma, shugabanmu na lebura, ya ruga ya kashe wuta, sai jini a kan fatar akuya kamar a lokacin aka feɗe ta. Shi ne na biyu da injin ya taɓa.

A lokacin ban daɗe da barin ƙauye ba, ina aiki a ramin jiƙo na wani kamfanin fata a Chalawa. Aikinmu mu tsoma fatu cikin ruwan magani, mu juya, mu tsamo. Aikin jaki ne, wallahi, amma ramin bai taɓa cire wa kowa hannu ba, kuma da wannan muke taƙama. Kowa ya san akwai aljani a ɗakin injin. Duk wanda aka tura can sai ya ɗaura laya a wuyan hannu kafin ya shiga.

Bayan an wanke ɗakin, helma ya ce ni yake so in koyi injin, wai ina da natsuwa. Natsuwar me! Abokan aiki suka fara gaishe ni a hankali, irin gaisuwar da ake yi wa mai jinya. Labari ya kai gida, mahaifiyata ta aiko da laya mai doguwar igiyar fata, tare da saƙo cewa in dai ita ta haife ni, kada in raba ta da hannuna. Na ɗaura. Duk da haka na yanke shawara ranar Litinin zan ce wa helma a bar ni a ramina.

Akwai wani dattijo a ramin, Baba muke ce masa, tun ana gina kamfanin yake nan. Ba ya magana sosai, tari ya fi yawa. Da safiyar Litinin ɗin ya tsare ni a bakin famfo, ya tambaye ni abin da zan faɗa. Na gaya masa. Ya ce shi aka fara yi wa tayin injin nan, ya ƙi, yana ganin ya tsira. Sannan ya nuna min hannuwansa. Kullum ina ganinsu, amma ban taɓa kallonsu ba. Farce babu, fatar ta yi fari ta tsattsage, yatsun sun ƙage.

"Injin lokaci ɗaya yake ci," in ji shi. "Ramin nan kuwa a hankali."

Na ce, to Baba, aljanin fa, ku ba ku yarda da shi ba?

Ya ce shi bai ce babu ba. Amma haɗarin nan biyu duk a kan idonsa aka yi, kuma duk biyun igiyar laya injin ya fara kamawa, hannu ya bi baya. Ya faɗa wa mutane, suka ce tsufa ne.

Na dubi igiyar tana lilo a hannuna. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi fushi. Na tuna fuskar mahaifiyata, na ji kamar zan yi kuka. Cikin ɗakin aka kunna injin, ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata.

Da haƙori na kwance ƙullin, don hannu ɗaya ba zai iya ba. Na ce, Baba, ku riƙe min ita har a tashi. Ya miƙo hannu, na ɗora masa. Ya yi ƙoƙarin damƙewa, yatsun suka ƙi. Layar ta zame ta faɗa cikin kwatar da ke kai ruwan rami waje, muna kallo ta tafi.

Na naɗe hannun riga, na yi bismilla, na shiga ɗakin injin.