Tabon da ke Kusa da Taga

"Ni dai ba zan kwantar da jariri a ɗakin nan ba! Bango duk dabbare-dabbare."

"Ki rage murya, Baba na ji."

"Ya ji mana! Gidan mai fenti guda, ko kunyar baƙi ba kwa ji?"

Baba Shuɗi yana jin ɗansa da surukarsa ta cikin bango, bai motsa ba. Ɗakin da ake faɗa a kansa na marigayiya matarsa ne, kuma shi ne kaɗai ɗakin da ya rage ba kowa a ciki.

Tun yana saurayi yake aiki a ɗakin gwaji na masana'antar fenti. Shi ke ƙirƙiro sinadarin da ke hana ƙwayoyin launi dunƙulewa su kwanta a gindin gwangwani. Yakan ce abin kamar zare ne mai kai da wutsiya: kai ya manne wa ƙwaya, wutsiya ta tokare maƙwabciyarta, kowa ya zauna inda aka ajiye shi. Gwajin kuwa da yatsa ake yi. A shafa fenti, a murza kafin ya bushe. In wurin ya sauya launi, sinadari ya gaza.

Da haɗinsa na farko ya shafe ɗakin nan, yana ta fankama. Matarsa ta kwaikwayi tsayuwarsa, ta murza bango kusa da taga. Nan take wurin ya fi sauran duhu.

"Malam masani, ka faɗi jarrabawa," ta ce, tana dariya.

Shekara ba ta zagayo ba ta rasu.

Tun daga nan, duk wanda ya tayar da zancen sabon fenti sai ya ce haɗin bai kammala ba tukuna. Alhali ya kammala tuntuni, rabin gidajen unguwar da shi aka shafe su. Wani lokaci da rana tsaka yakan ɗora yatsa a kan tabon, ya janye da sauri, don sai ya ji kamar har yanzu da danshi.

Can ya ji surukar ta daina faɗa, ta koma kuka ƙasa-ƙasa. Ya dafa gwiwa ya tashi, ya ƙwanƙwasa musu. Ɗan ya buɗe, kansa a sunkuye.

"Ku shafe ɗakin," in ji Baba Shuɗi daga bakin ƙofa. "Amma ku sayo mai araha a kasuwa. Kada ku sa nawa. Nawa in ya rufe abu, ya rufe ke nan."