Tsagar Kunnen Shanunmu

Na manta abubuwa da yawa, har makullin ɗakina nakan nema alhali yana aljihuna, amma hutun da na yi a gida a shekarata ta ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, wannan kam da shi za a kai ni kabari.

Zamanin Nasara ne, ina lakwal a Magariya. Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Bande, muna noma muna kiwo. Ba don so aka kai ni lakwal ba, mai gari ne aka ce ya kawo yara, ya laluba ya kamo ni. Da Baba ya ga ba makawa sai ya haƙura, ya ɗora burinsa a kan in zama komi, wato mai rubutu a biro, ofishin kumandan Baturen mulki, in zauna a inuwa da farar riga.

Mushenmu, wato malaminmu, wani dogon mutum ne mai son tsokana. Ana gab da hutu ya tambaye mu aikin da kowa ke so. Na farko ya ce komi, na biyu komi, haka har kaina. Ya yi dariya ya ce, "Kai, kumandan ya yi arziki! To a ina zai samo muku kujeru? Riga da takalmi kuke kallo, ba aiki ba. Kowa ya tafi gida ya duba abin da ke ci wa mutanensa tuwo a ƙwarya. Ya dawo ya gaya mini aikin da ke maganinsa." Mun ɗauka surutu ne irin na mushe.

Na isa gida na tarar da gari a hargitse, wai masu allurar shanu na tafe. A lokacin kowane gida na da tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa, gadon kaka da kakanni. Masu allura kuwa in sun soka wa saniya sai su yanke mata kunne don shaida, duk inda wuƙa ta faɗa, ko da a kan tsagar gida. Mutanenmu suka fassara cewa saniyar da aka yi wa haka ta zama ta Nasara. Ba wanda ya tsaya ya yi musu bayani. Mai allura na magana da Faransanci, gardi, dogarin kumandan, na daka tsawa, shi ke nan. Saboda haka da an ji ƙishin-ƙishin ɗinsu sai kowa ya kora garkensa ya tsallaka iyaka, wajen dangi a ƙasar Ingilishi, har sai sun wuce.

Haka muka yi ni da Baba. A garken akwai karsanata, 'yar saniyar da aka ba ni ranar sunana, fara mai baƙin baki. Ina jin daɗi ma, ina ganin mun yi wa Nasara wayo. A can muka riƙa shayarwa a rijiya ɗaya da garkunan da ba mu san inda suka fito ba.

Ba mu daɗe da dawowa ba shanu suka fara hawaye da majina, baki ya yi ƙuraje, zawo ya biyo baya. Bushiya ce. Cutar da allurar ke karewa, ita muka je da ƙafarmu muka ɗebo. Suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da karsanata ta kwanta, Baba ya tsuguna ya ɗora kanta a cinyarsa, ya ɗago ido ya ce, "Kai da ka yi karatun Nasara, ba ka da abin cewa?"

Wallahi ban da shi. Na san sunayen kogunan Faransa a ka, amma ban san abin da ke cikin allurar nan ba. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. 'Yan shanu kaɗan suka rage mana.

Da muka koma lakwal, mushe bai manta ba. Da ya zo kaina na ce malamin dabbobi nake so in zama. Aji ya kwashe da dariya, wani ya ce, "An fid da kai daga kashin shanu, kana neman komawa!" Mushe bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan sunan aiki ne kawai. Gaya mini abin da kake hange." Na ce, "Ina so in ga ranar da za a ce mai allura ya zo, mutanenmu su koro shanu wajensa, ba su gudu ba." Ya ce, "Yauwa. To me ka rasa kafin ka kai can?" Daga ranar ya matsa mini a kan ilmin jikin dabba da lissafi, kuma duk ranar kasuwa sai ya tura ni mayanka in tsaya kusa da mai duba nama in buɗe ido.

Baba kuwa fushi ya yi. Ya ce, "Na ba da kai don ka zauna a inuwa, za ka dawo mini cikin masu yanke kunne?" Ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Sau da yawa na so in fasa, musamman in na ga abokaina da farar riga ni kuwa ina warin garke. Abin da na faɗa wa mushe ne ke dawo da ni.

Tutar Faransa ba ta sauka ba aka turo ni allura yankinmu. Na bar gardi a baya, na shiga gidan mai gari na zauna a tabarma, na yi bayani da bakin da aka haife ni da shi. Na yi alkawari ba zan taɓa tsagar kowa ba, a ɗaya kunnen zan yi shaida. Washegari na tsaya a bakin gari, hantsi ya yi, ba ko akuya. Zuciyata ta fara karaya. Can sai ga Baba yana jan tsohuwar saniyarmu da ta tsira. Bai gaishe ni ba. Ya kama kunnenta na dama, mai tsagar gidanmu, ya rufe da tafinsa, ya miƙo mini na hagu ya ce, "Yi aikinka, malam." A bayansa na hango ƙurar sauran garkuna.

Abin da na koya shi nake gaya wa jikokina 'yan makaranta in sun ce za su zama kaza. Nakan ce kada ku gaya mini sunan aikin, riga ce, tana tsufa. Ku gaya mini abin da ke damun mutanenku, da ranar da kuke son ku gani. Wanda ya san wannan, ko an yi masa dariya ba zai ɓace hanya ba.