Wasiƙar da Baballe Ya Kai Laminatin

Baballe mutumin Gumel abokin ɗakina ne a unguwar Bin Omran, shekararsa tara yana tuƙi a Doha. Mutumin kirki ne, sai dai cutarsa ɗaya: duk takardar da ta shiga hannunsa sai ya kai ta laminatin, an manne ta cikin leda. Ko katin asibitina bai tsira ba.

Kafil ɗinsa, wato ubangidansa, wani dattijon Balarabe ne, ba abin da ya sa a gaba sai sayen wasiƙun da mazan jiyan marubuta suka rubuta da hannunsu, a wajen gwanjo. Ko taɓa su ba ya yi sai da safar hannu. Ran nan ya aiki Baballe ya karɓo masa wata mai shekara ɗari da hamsin, ya ja masa kunne ya kula da ita kamar ransa.

A mota gogan naka ya leƙa ambulan, ya ga takarda ta yi ja, bakinta yana marmashewa. Tausayi ya kama shi. Sai shagon Masahudu mai fotokwafi, ɗan Zangon Kumasi.

Masahudu ya ce, "Maigida, takardan nan ya tsufa fa."

"Shi ya sa na kawo ta. Yalla, sa mata leda mai kauri."

Da dattijo ya ga wasiƙarsa tana ƙyalli, sai da ya dafa bango. Ya ce, "Khalas! Gobe ka koma ƙasarku."

Garin neman gira za a rasa ido: uwa da 'ya'ya huɗu ne a Gumel suke ci daga sitiyarin nan. Baballe bai yi roƙo ba. Ya zaro wata takarda daga walat ɗinsa ya miƙa. Wasiƙa ɗaya tak da mahaifinsa ya taɓa rubuto masa ce, ruwan sama ya wanke tawadar tun tuni, saura kalmar "ɗana" kawai.

Ya ce, "Da na san laminatin a lokacin, da yau ina da sauran maganar babana."

Dattijo ya daɗe yana kallonta. Bai kore shi ba.

Yanzu cikin wasiƙunsa kaf, wadda Baballe ya kai laminatin ɗin ce kaɗai dattijon yake riƙewa da hannu tsirara, yana kurɓar gahawa yana karantawa. Baballe kuwa yana nan a kan bakansa cewa sauran ma suna bukatar laminatin, shi ya sa aka canza makullin ɗakin karatun da ake ajiye su.