Kunun gyaɗar da na kai wa Yaya Kaduna

Mun tashi da asuba daga Funtuwa, ni da ƙanina, ina rungume da fulas ɗin kunun gyaɗa kamar jariri. Yayarmu da ta raine mu ce ke kwance a wani asibiti a Unguwar Rimi, ɓarin jikinta ya shanye. An ce kwana shida ko ruwa ba a ba ta ta baki ba. Na ce 'yan bokon nan da yunwa za su ƙarasa ta.

Direba ya cusa mu huɗu a baya, har da wata mai ƙullin barkono a cinya, muka yi ta atishawa har Kawo. Can mai keke ya ga baƙi ya tsuga kuɗi, na ce masa ai ba Makka zai kai mu ba.

Na tarar da Yaya da roba a hanci, leɓɓanta sun bushe sun tsage. Nas ɗin ɗakin, wata doguwa da kowa ke kira Sista, ta zaunar da mu tukuna. Ta ce maƙogwaron bai iya haɗiya ba, duk abin da aka zuba ta baki huhu zai nufa. Na ce mata to, amma a raina ban yarda ba. Tana fita, Yaya ta kafe fulas ɗin da ido. Wallahi na kasa jurewa. Cokali biyu na ba ta.

Ta ƙware. Tari, ido ya firfito, ƙirji yana gurnani. Sista ta shigo a guje, ta juya ta gefe, ta zuƙe kunun da wani inji. Ta ga cokalin a hannuna. Na jira zagi, shiru. Bayan la'asar ta kira ni, ta tsoma auduga a ruwa, ta kama hannuna ta nuna mini yadda ake jiƙa leɓe. Ta ce, "Hajiya, ga naki aikin. Duk sanda ta kalle ki, haka za ki yi mata."

Kashegari zazzaɓi ya rufe Yaya, likita ya ce huhu ne. Rana ta huɗu da hantsi ta cika. Na tare Sista a baranda na ce ta dubi Allah ta faɗa mini, ni ce? Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, kunun ya ƙara mata wahala. Amma ciwon ya riga ya yi nisa, kuma kwana ya ƙare." Ita ta ɗaure mata haɓa, ta bar mini rufe idanun.

Bayan sadakar uku a gidan Yaya da ke Unguwar Kanawa muka dawo gida, ban ga komai a hanya ba. Yanzu duk mai zuwa dubiya sai na tare shi na ce ya tambayi nas kafin ya buɗe kwano, don so ma yana ɓarna. Fulas ɗin yana nan bayan ƙofa, har yau na kasa buɗe shi.