Mai Riƙon Muryar Auta

Tun yana saurayi Baba Mita yake aiki a ɗakin injin gidan rediyo, can bayan gari, a gindin dogon ƙarfen eriya. Aikinsa kallon mita biyu ne: ɗaya na nuna ƙarfin da injin ke fitarwa, ɗaya na nuna yadda murya ke hawa kansa. In allurar ta shiga ja, murya ta fashe, ta fantsama cikin tashar maƙwabta. Don haka hannunsa na dama ya tsufa a kan maɓallin rage sauti.

Ƙaninsa Auta shi ne babban mai gabatar da shiri, kuma bai taɓa magana ba, sai dai tsawa. Duk tsawar da ya daka, Baba Mita ya murɗa ya tare ta. Haka gari ya shaida cewa Auta na da murya mai laushi. Baba Mita bai nemi komai ba, sai dai a faɗi sunansa sau ɗaya.

Ranar da aka karrama Auta, ana watsa bikin kai tsaye, sai ya karɓi makirufo ya ce, "Wannan murya baiwa ce. Ba hannun da ya taɓa gyara ta." Ya gode wa Allah, da manaja, da direbansa.

Baba Mita ya ɗauke hannu, ya sa a aljihu.

Allura ta daki ja ta kwanta. Baiwar Auta ta fita duniya kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa.

Waya ta yi ƙara. Auta ne, ya koma gefe yana huci.

"Yaya, barci kake yi? Injinka ya ɓata mini murya."

"Muryarka ce, Auta. Yau ka ji ta."

"A'a, ni na san muryata. Kullum ina jin ta a rediyo."

Da aka koma shiri, Auta ya ba masu sauraro haƙuri, ya ce sakacin mai kula da inji ne, ya kuma faɗi sunan yayansa cikakke, har da na mahaifinsu.

Injin ya fara warin zafi. Baba Mita ya yi tsaki, ya mayar da hannu. Sunan nasa kuwa ya riga ya fita a fashe.