Shekara Goma Sha Biyu da Aka Cire wa Inna

Tun ranar da Inna ta iso Yalwawa don ta yi mini wankan jego nake kallon ƙafafunta. Sun kumbura har silifas ya yi musu zane. In na danna yatsa a ƙwaurinta, ramin ba ya tashi da wuri. Maigidana direba ne, yana kai kayan gwari daga Ringim zuwa kudu, sai ya yi sati ba ya gida. Tsorona kullum shi ne kada ta faɗi a tsakar gidana da tukunyar ruwan zafi a hannu, 'yan'uwana su ce auta ta ɗauko tsohuwa daga ruga ta kashe ta da aiki.

Da muka yi arba'in sai na ja ta asibitin unguwa. Aka ɗaura mata abin awo a dantse, ma'aikaciyar ta kalli lambar, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Hawan jini ne, ta ce, kuma ƙwaya ce kullum, ba fashi, har ƙarshen rai. Da ta ga yadda fuskata ta yi sai ta rage murya.

"Ki kwantar da hankalinki. Ana sa tsofaffi a inshorar lafiya ta gwamnati, magani kyauta duk wata. Ranar Talata masu rajista za su zo. Ki taho mata da katin ɗan ƙasa."

Talata muka yi sammako. Tsofaffi ne jere a kan benci ƙarƙashin bishiyar maina, wasu da sanda, wasu an riƙo su. Inna ta fi rabinsu furfura. Sai wajen azahar layi ya zo kanmu. Mai rajistar saurayi ne, da kwamfuta a kan tebur da gyaɗa a gefe yana ɓarewa. Ya karɓi katin, ya dubi Inna, ya dubi katin, ya fashe da dariya har ya taɓo na kusa da shi.

"Zo ka ga budurwa. Hajiya, ai ke yarinya ce. Sittin da biyu."

Na ce, "Malam, dube ta fa. Ta haura saba'in."

"Ni ba fuska nake rajista ba, kati nake rajista. Daga sittin da biyar ake ɗauka."

Inna ba ta cika magana a gaban maza ba, amma ranar ta ce, "Ɗan nan, da goyo a bayana aka canja kuɗi daga fam zuwa naira."

"To Hajiya, ki je ki kawo fam ɗin shaida." Mutanen teburin suka yi dariya. Ya miƙo mini katin ba tare da ya kalle ni ba. "Ki mai da ita gida ta ƙara tsufa. Nan da shekara uku ku dawo, in da rai. Na gaba!"

Ni a aji huɗu na tsaya da firamare, amma lamba ba ta ɓace mini. A cikin adaidaita sahu na duba shekarar da ke kan katin, sai na tuna inda ta fito. Shekarar da aka ce waɗanda suka haura sittin da biyar ba za su je aikin Hajji ba, a shekarar Yaya, babban wanmu, ya sayar da bijimai ya biya wa Inna kujera. Shi ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, ya san hanyoyi. Ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, aka cire mata shekara goma sha biyu, aka yi kati da fasfo a kan sabuwar shekarar. Ta je, ta dawo. Duk ƙauyenmu na wajen Buji babu wanda bai sa masa albarka ba. Ni ma na yi guɗa.

Na koma wajen ma'aikaciyar asibitin. Ta ce ana gyarawa, amma sai an yi sabuwar rantsuwa a kotu, mai katin ta dangwala yatsa, a kai ofishin kati. Kuma za a nemi tsohuwar takarda. Tana hannun Yaya.

Na goya jaririyata na je gidansa. Matarsa ta bar ni a tsaye a falo, ta ce kada yarinyar ta jiƙa kujera. Da ya fito na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wa ya sa hannu a takardar farko?" ya tambaye ni.

"Kai ne, Yaya."

"To kina so ki je gaban alƙali ki ce na yi rantsuwar ƙarya? Ina dab da ƙarin girma? Ke da ko sunanki da ƙyar kike rubutawa?"

"Magani ne kawai, Yaya."

"Ni na kai ta Makka. Ke me kika kai ta, ban da bakin murhu?"

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo gidana da kansa, ban san ko in yi murna ko in ji tsoro ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta roƙonsa komai. Inna ta juya fuska wajen bango kamar yadda ta saba, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa yana magana kamar da ni yake.

"Ki faɗa mata, in ta dangwala wannan takarda, ta shaida da hannunta cewa da ƙarya ta shiga ƙasa mai tsarki. Ni ba malami ba ne. Amma Hajjin da mai shi ya ce na ƙarya ne, ban san me ya rage a cikinsa ba."

Ya ajiye ledar lemo ya tafi. Inna ba ta juyo ba har la'asar. Da na kawo mata fura sai ta ce, "Auta, kada ki sake yi mini zancen katin nan. Sau ɗaya na je Makka. Ba zan sake zuwa ba."

Na ce mata ba ita ta yi rantsuwar ba, ba ta ma san an yi ba. Na ce mu tambayi malamar Islamiyya. Ta ce in na kai maganar ɗanta waje ba ta yafe ba.

Daga nan sai sayen magani a kemis. In maigidana ya dawo mu sayi na sati biyu, in ya daɗe mu sayi na kwana uku. Yaya ya aiko sau ɗaya, da saƙon a dinga jiƙa mata tafarnuwa. Zan faɗi nawa laifin, tunda na faɗi na wasu. Na fara raba ƙwayar biyu da reza, ina ba ta rabi a cikin cokalin koko don kada ta gani. Wata rana ma ba na ba ta, in ce ta riga ta sha da safe. Takan ce, "Au, na manta," ta yi mini godiya.

Wata rana da hantsi Inna tana tankaɗe a inuwa, na ji rariya ta faɗi. Na fito na tarar da ita a kishingiɗe cikin gari, bakinta ya karkace, tana kallona ba magana.

A babban asibiti Yaya ya zo da abokan aikinsa, ya biya kuɗin gado a gabansu. Da nas ta tambayi shekarun marar lafiya, ina buɗe baki ya riga ni. "Sittin da biyu." Ta rubuta.

Yanzu Inna tana ɗakina. Ɓarin dama ya shanye, magungunan sun zama kala uku. Wani mai rubuta takardu a bakin kotu ya shirya mini sabuwar takarda, ya ce in samo dangwalen tukuna, sauran a san yadda za a yi. Na kawo takardar gida da tawada. Hannun damanta ba ya motsi, babu abin da zai hana ni. Na ɗaga babban yatsan, na shafa masa tawada. Sai ta miƙo hannun hagu ta riƙe mini wuyan hannu, ba ƙarfi a riƙon, hawaye na gangara mata cikin kunne. Na goge yatsan da bakin zanena. Takardar tana ƙarƙashin katifa.

Kai da ka karanta wannan, in akwai tsoho a gidanku, ka ɗauko katinsa yau ka duba shekarar da aka rubuta. In ba daidai ba ce, ku gyara tun yana iya zuwa da ƙafarsa. Kuma in kana da ilimin addini, ka yi wannan bayani a inda tsofaffin mata za su ji: ko laifin wanda ya yi rantsuwa yana taɓa Hajjin wadda ba ta sani ba. Daga bakina Inna ba za ta yarda ba.